Wankin ƙoda ya yi araha, to ruwan fa?

Tun watan Afrilun 2023 da gwamnatin Kamaru ta ƙaddamar da shirin kula da lafiyar kowa da kowa, wato CSU, mai wankin ƙoda da ya yi rajista sefa 15,000 yake biya a shekara. A da sefa 5,000 ne kowane zama, sau biyu a mako, shekara ta tashi 520,000. Duk wanda ya ga yadda wannan jinya ke cinye garken gida a Garwa ko Marwa ya san an sauke wa talaka kaya.

Sai dai akwai ƙa'idojin da ba a yi wa kowace cibiya rangwame a kansu, komai ƙarancin kuɗinta. Babbar cikinsu ruwa ce. A zaman awa huɗu, kusan lita 120 ke ratsawa ta gefen jinin majinyaci, ba abin da ya raba su sai ɗan siririn tantani a cikin matacin injin. Mai lafiya idan ya sha ruwa, jikinsa ya tace masa. Shi kuwa wannan bawan Allah ba mai tare masa. Shi ya sa ruwan famfo bai wadatar ba, ko da ana shan sa lafiya lau. Ma'aunin duniya na ISO 23500 ya ce ƙwayoyin cuta su gaza 100 a mililita ɗaya, a tace kulorin da alminiyam, a riƙa gwaji a kai a kai. A 1996, gurɓataccen ruwa ya kashe majinyata fiye da 50 a wata cibiya a Birazil. Wannan labari yana tsaya mini a rai, domin injinan ba su da laifi, ruwan ne.

Sai ciwon hanta nau'in B: a gwada jinin kowa kafin a ɗora shi a kan inji, mai ɗauke da cutar a ware masa injinsa da wurinsa, sauran a yi musu rigakafi. Ma'aikaci ya sauya safar hannu tsakanin gado da gado.

Hanyar da jini ke bi zuwa inji ma, an fi son jijiyar da likita ya haɗa a hannu fiye da robar da ake sakawa a wuya, wadda ke saurin jawo zazzaɓi. Ka ɗora yatsa a kan jijiyar hannun, za ka ji yana ɓari kamar kyanwa na gurnani. Kada a auna hawan jini ko a ɗebi jini a wannan hannun. Ranar da ɓarin ya ɗauke, a tafi asibiti nan take.

Mai jinya kuma yana da damar ya tambaya, cikin ladabi: yaushe aka gwada ruwan nan?