Wai da gaske duk kuɗin da aka turo maka daga waje sai gwamnati ta yanki nata?

Tun da sabuwar dokar haraji ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, wadda Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025, ake ta yawo da saƙon murya a guruf-guruf na WhatsApp wai duk alat ɗin da ya shigo asusunka banki zai cire wa gwamnati kaso, musamman in daga ƙasar waje ne. Har wasu matanmu masu saida atamfa da turaren wuta da humra a Instagram sun fara cewa kwastomominsu na Saudiyya da Ingila su daina turo kuɗi ta banki, a bi ta hannun 'yan canji na Wapa. Don Allah a tsaya a saurara, maganar ba haka take ba.

Dokar ta shafi duk mazaunin Najeriya mai samun kuɗin shiga, ma'aikaci ne ko ɗan kasuwa ko mai aikin kwamfuta daga ɗakinsa.

A kan riba ake biyan haraji, ba a kan duk abin da ya faɗo asusu ba. Hajiya ta saro leshi a Kantin Kwari, ta biya tela, ta biya kuɗin aikawa zuwa Landan, kwastoma ta turo fam aka juya mata shi naira, to sai an cire duk waɗannan ɗawainiyoyin tukuna, abin da ya rage shi doka ke kallo. Shi ɗin ma naira 800,000 na farko a shekara babu ko sisi a kansa, miliyan 2.2 da ke biye masa kuma kashi 15 cikin ɗari ne. Wato in ribarki a shekara miliyan ɗaya da rabi ce, 700,000 ne kawai za a lissafa, harajin ya kama 105,000, kuma ke za ki kai bayaninki hukumar haraji ta jihar Kano, KIRS, kafin 31 ga Maris, ba banki ne zai zare da kansa ba. Naira 50 ɗin nan da ake cirewa in ka tura 10,000 zuwa sama kuɗin hatimi ne, dama can akwai shi, yanzu dai mai turawa ke biya.

Inda ake ruɗewa shi ne kuɗin waje. Yayanka da ke Jidda ya aiko wa Inna kuɗin magani ko na cefanen azumi ta asusunka, wannan kyauta ce, ba a yi mata haraji. Amma in hula ko kilishi ka sayar wa mutumin Maraɗi ya biya da sefa, ko ka yi wa wani kamfani a Amurka aiki ya biya ka dala, wannan kuɗin shiga ne ko da ka bar shi a can bai shigo ƙasar ba, saboda mazaunin Najeriya ana lissafa masa samunsa na ko'ina ne. In an riga an cire maka haraji a can, ka adana shaidar, ana rage maka shi a nan. Matsalar mafi yawanmu asusu ɗaya ne, kuɗin ciniki da na adashi da gudummawar biki duk wuri guda, ranar da aka ce ka bambance su da me za ka kare kanka? Shi ya sa buɗe asusun kasuwanci daban da ajiye rasit da rubuta ciniki ko a littafin makaranta ne ya fi gudun banki amfani nesa ba kusa ba.

Sai batun tara, wanda shi ne ni kam yake damuna. Wanda ya kamata ya yi rajista bai yi ba, 50,000 ne a watan farko, sai 25,000 duk watan da ya biyo. Ƙin kai bayanin shekara kuwa 100,000 ne, sannan 50,000 kowane wata. Rajistar ba wuya, lambar NIN ɗinka ita ce lambar harajinka. Amma fisabilillahi yarinyar da ke saida mayafai daga ɗakin mahaifiyarta a Ɗorayi, wadda jarinta ma bai kai kuɗin tarar ba, wa ya taɓa zama ya yi mata wannan bayanin da Hausa? Ya kamata hukuma ta shiga gidajen rediyo da kasuwanni ta wayar da kan mutane kafin ta fara maganar cin tara.