Dokar Lantarki ta 2023: wa ta ba izinin samar da wuta, kuma iya ina?

Har yau idan wuta ta dawo, yara "NEPA" suke kira, alhali an rushe NEPA tun da dokar gyaran harkar lantarki ta 2005. Waccan dokar ce ta raba hukumar gida 18: kamfanonin samar da wuta 6, na rarrabawa 11, da TCN mai kula da manyan layuka. A watan Nuwamba 2013 aka fara miƙa kamfanonin rarrabawa ga 'yan kasuwa. Sai dai iko ya ci gaba da zama a hannu ɗaya, wato NERC, hukumar tarayya mai sa ido kan harkar lantarki da ke Abuja. Ita ke ba da lasisi, ita ke yanke farashi, daga Legas har Maiduguri.

Wannan ne ya sauya a 2023, a mataki biyu. A watan Maris, Shugaba Buhari ya sa hannu a gyaran tsarin mulki da ya ba jihohi damar samar da wuta, dakonta da rarraba ta, har a wuraren da babban layin ƙasa ya kai. Kafin nan, sai inda layin bai je ba jiha ke da ta cewa. A watan Yuni kuma Shugaba Tinubu ya sa hannu a Dokar Lantarki ta 2023, wadda ta soke ta 2005.

Jiha ba ta samun wannan iko da jawabin gwamna. Sai majalisarta ta yi dokar lantarki, ta kafa hukumar da za ta sa ido, sannan ta sanar da NERC a rubuce. NERC na da kwana 45 ta fitar da umarnin miƙa ragama, kuma a kammala cikin wata 6. Kamfanin rarraba wutar da ke yankin zai buɗe reshe na musamman na jihar, sabuwar hukumar ta ba shi lasisi. Enugu, Ekiti da Ondo ne suka fara a Afrilu 2024. Daga baya Kogi, Neja da Filato suka bi sahu. Jihar da ba ta yi komai ba tana nan ƙarƙashin NERC.

A Arewa akwai ƙulli a nan. Kamfanin rarraba wuta na KEDCO na riƙe da Kano, Katsina da Jigawa, kamfanin Kaduna kuma na riƙe da Kaduna, Sakkwato, Kebbi da Zamfara. Raba taransifomomi da ma'aikata jiha-jiha mai sauƙi ne, raba bashi ne aiki. Sannan duk wutar da ta tsallaka iyakar jiha ta babban layi, hukuncinta na wurin NERC. Enugu ta ɗanɗana wannan a 2025, lokacin da hukumarta ta rage farashin rukunin A, wato masu samun wuta mafi yawan awanni a rana, daga kusan naira 209 zuwa 160 kan kowane yunit. Kamfanonin samar da wuta suka yi caa, domin wutar da aka rage wa kuɗi daga babban layi take zuwa, kuma jihar ba ta ce za ta cike giɓin ba. Jihar da ba ta da tashar kanta, wuƙar na hannunta amma naman na wani ne.

Sashen da ya fi shafar talaka da ɗan kasuwa shi ne na waɗanda ba sa bukatar lasisi. Mutum na iya samar da wuta har megawat 1 a wuri guda, ko ya rarraba har kilowat 100, ba tare da lasisi ba. Megawat 1 ba ƙaramin abu ba ne: faifan sola mai wat 550 kusan guda 1,800 ke nan. Kilowat 100 kuwa, idan kowane shago yana jan wat 300 (fanka, ƙwai biyu, talabijin da caji), zai ɗauki shaguna sama da 300. Amma a shigo da firiza goma da injin markaɗe biyu, lissafin ya rushe, don injin mai mota yana jan ninki uku ko fiye na ƙarfinsa a lokacin tashi. Wasu ƙananan tashoshin da ke faɗuwa da rana tsaka, nan suka yi kuskure.

Rashin bukatar lasisi ba ya nufin babu ƙa'ida. Ƙa'idojin ƙananan tashoshi na NERC na 2023 sun ce wadda ba ta haɗe da babban layi, in ba ta wuce kilowat 100 ba, rajista ta isa. Daga nan zuwa megawat 1 sai an nemi izini. In kuma a unguwar da wayoyin kamfanin rarrabawa suke za a kafa ta, sai an yi yarjejeniya ta mutum uku: mai tashar, al'umma da kamfanin. Shawarar da masu harkar ke bayarwa ita ce ko ƙaramar tasha ce a nemi cikakken izini, domin shi ke ba mai ita haƙƙin diyya ranar da babban layi ya iso garin.

Game da makamashi mai sabuntuwa, dokar ta ɗora wa NERC tilasta wa kamfanoni su samar ko su sayi wani kaso na wutarsu daga rana, iska ko ruwa, ta kuma tsara farashi na musamman ga masu sayar da irin wannan wutar. Hukumar REA ta wutar karkara ta samu gindin zama a dokar, kuma ita ke tafiyar da shirin DARES na faɗaɗa samun wuta ta makamashi mai sabuntuwa, wanda Bankin Duniya ya amince wa dala miliyan 750 a Disamba 2023.

Dalilin karkata zuwa sola a fili yake. Ƙasar na da tashoshin da ƙarfinsu ya kai megawat 13,000 a takarda, amma abin da ke isa ga jama'a yana yawo tsakanin 4,000 da 5,000, mafi yawa daga iskar gas ta Kudu. Kainji, Jebba, Shiroro da Zungeru ne ke kawo na ruwa. A Oktoba 2024, bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, layin da ke biyowa ta Makurdi shi ma ya faɗi, jihohin Arewa suka shafe fiye da mako cikin duhu. Rana kuwa ba ta bukatar dako.

To me ya hana manyan tashoshin sola tun tuni? A 2016 kamfanoni 14 sun ƙulla yarjejeniya da NBET, kamfanin gwamnati mai sayen wuta a sari, don gina kusan megawat 1,100, akasari a Arewa, kan santi 11.5 na dala kowane yunit. Gwamnati ta dawo ta ce farashin ya yi tsada, kuma ta ƙi ba da garantin da bankuna ke nema. Aikin ya tsaya cak. Abin da aka samu sai ƙanana, irin mai megawat 10 ta Kumbotso da aka buɗe a Janairu 2023, da mai megawat 7.1 ta Jami'ar Bayero. Sabuwar doka ba ta warware wannan ba. Mai saka kuɗi har yanzu tambaya ɗaya yake yi: wa zai biya ni shekara ashirin, tunda kamfanonin rarrabawa ba sa iya karɓo kuɗin duk wutar da suka sayar?

Ga mai sola a gida, abu biyu za a kiyaye. Satar wuta da yi wa mita baifas laifi ne da dokar ta tanadar wa tara da ɗauri. Na biyu, haɗa inbata da layin kamfani ba tare da makunnin sauya layi ba na iya mayar da wuta baya cikin waya. Taransifoma na ɗaga wannan wutar daga bolt 230 zuwa 11,000, alhali ma'aikacin da ke saman fal yana ganin an kashe layi. Wanda yake son sayar wa kamfani rarar wutarsa sai ya samu amincewarsu da mitar da ke ƙirga shiga da fita tukuna.