Victoria da ganuwarta a tsibirin Gozo na ƙasar Malta: tambayoyin da ake ta maimaitawa

Victoria ce ko Rabat?

Gari ɗaya ne. Turawan Ingila suka sa masa Victoria a 1887 don girmama sarauniyarsu, 'yan gari kuma ba su daina cewa Rabat ba. Akwai wata Rabat a babban tsibirin Malta, kusa da Mdina. A jikin bas nemi Victoria, in ba haka ba ka sauka a wani tsibirin daban.

Ana biyan kuɗin shiga ganuwar?

A'a. Hawa tudun Cittadella, wato ganuwar, da zagaya saman katanga kyauta ne. Gidajen tarihi da tsohon kurkuku su ake yankar wa tikiti, guda ɗaya ya haɗa su.

Sai da biza?

Malta tana cikin Schengen, yankin ƙasashen Turai masu amfani da biza ɗaya. Kuɗinta yuro ne.

Wane takalmi zan sa?

Ba wanda ke tambayar wannan, alhali nan mutane ke zubewa. Farar ƙasa ce duwatsun, ƙafa ta goge su sun yi sumul, ga gangara. Silifas da takalmi mai tsini a bar su a masauki. Saman katangar babu inuwa, a Yuli da Agusta zafi kan haura digiri 30. Riƙe ruwa.

Zan iya zuwa daga Valletta, babban birnin Malta, in dawo rana ɗaya?

Za ka iya, amma ya danganta da wata da kuma teku. Hanya biyu ce. Akwai jirgin ruwa mai sauri daga Valletta zuwa tashar Mġarr ta Gozo, kamar minti 45, fasinja kawai yake ɗauka. Shi ya fi sauƙi, sai dai in teku ta tashi, musamman lokacin hunturu, akan soke shi, don haka kada ka ɗora jirginka na sama a kansa. Ta biyu ita ce bas 41 ko 42 zuwa tashar jirgin ruwa ta Ċirkewwa, sama da awa guda, wani lokaci ya fi haka in cunkoso ya kama, sannan babban jirgin fito na minti 25. Wannan yana aiki dare da rana, kuma kuɗinsa a dawowa ake biya a Mġarr, kada ka tsaya neman wurin biya a tafiya. Daga Mġarr bas 301 zai kai ka Victoria, kilomita shida ne. Mota kuwa, in ganuwar kaɗai ta kawo ka, ban ba ka shawara ba: ta hagu ake tuƙi, wurin ajiye mota a tsakiyar gari wahala ne, kuma yammacin Lahadi layin motoci a Mġarr kan yi tsawo. In za ka haɗa da ƙauyuka, to wataƙila ta yi amfani. Ko ta wace hanya, fita da sassafe, ka ware wa tudun awa biyu zuwa uku.

Me ya sa rabin ciki kango ne?

A 1551 rundunar Daular Usmaniyya, da kwamandan jiragen ruwa Dragut a cikinta, ta ci ganuwar, ta kwashe kusan duk mutanen tsibirin bayi zuwa Libiya. Har 1637 doka ce kowa ya kwana cikin katanga. Da aka ɗage ta, mutane suka sauko ƙasa, gidajen suka zube.

Ina ƙubbar cocin da ke cikin ganuwar? Na gan ta a hoto.

Babu ita. Zane ne aka yi a 1739 a kan rufi shimfiɗaɗɗe, daga tsakiya sai ka rantse ƙubba ce. Matsa gefe ka ga yadda take karkacewa. Rufe kafaɗa da gwiwa kafin ka shiga, wurin ibadar mutane ne.

Kurkukun ya cancanci lokaci?

Ƙwarai. De Valette, wanda aka sa wa Valletta sunansa, ya yi zaman kaso a nan a 1538. Duba bango da kyau, akwai jiragen ruwa da tafin hannu da fursunoni suka sassaƙa.

Abinci fa?

Sauko dandalin It-Tokk. Cukunsu na madarar tumaki, ġbejna, ba shi da matsala. Nama kuwa tambaya, domin alade ya yawaita, zomonsu ma da giya ake dafa shi.