Sashen da ba a shiga da yara a jirgin sama: mene ne shi, kuma ina yake?

Masu yawan tafiya ta jirgin sama sun daɗe suna maganar sashen shiru, wato wani yanki na cikin jirgi da kamfani yake warewa ya ce ƙananan yara ba za su zauna a ciki ba. Yawanci layuka ne kaɗan na kujeru da aka raba da sauran jirgin da labule ko siririn bango, kuma mai son zama a can sai ya ƙara kuɗi a kan na tikitinsa. Sharaɗin shiga shi ne shekaru. Wani kamfanin ya yanke 12, wani 16. Yaron da bai kai ba, ko iyayensa sun shirya biya, ba za a sayar masa da kujerar ba.

Inda mutane da yawa suke ruɗewa shi ne zaton cewa bizines kilas, wato sashen da ya fi ikonomi na gama-gari tsada, ita ce wannan sashe. Mutum ya biya ninkin-ba-ninkin kuɗin ikonomi, ya shiga da niyyar ya miƙe ya sha barci har garin da za shi, sai ya tarar da jinjiri a kujerar gabansa. Ransa ya ɓaci, ya ga kamar an cuce shi, alhali babu wanda ya yi masa alkawarin shiru. Abin da kuɗin bizines yake saya shi ne fili, da kujera mai komawa gado, da abinci mai kyau, da zaman falon jira, da shiga jirgi da wuri. Manyan kamfanoni irin su Emirates, Qatar Airways, British Airways da Lufthansa duk suna karɓar jarirai da yara a bizines. A tafiyar ƙasa da ƙasa, jinjirin da bai cika shekara 2 ba ana iya riƙe shi a cinya, kuma galibi kashi 10 cikin 100 na kuɗin babba ake biya masa. Ke nan uwar da ta shigo da goyonta ta biya haƙƙin zamansa, kamar yadda maƙwabcinta ya biya nasa.

To, ina ainihin sashen yake? Kamfanonin Asiya ne suka fi suna a kansa. A 2011 aka yi ta cece-kuce kan Malaysia Airlines saboda ya hana jarirai shiga fas kilas, wato sashe mafi tsada, a jiragensa samfurin Boeing 747, kuma a 2012 ya ware kujerun ikonomi na benen saman jirgin A380 mai hawa biyu ga masu shekara 12 zuwa sama. A 2013 AirAsia X ya fito da Quiet Zone a layi na 7 zuwa na 14 na jiragensa A330. A shekarar dai Scoot, reshen Singapore Airlines, ya kawo ScootinSilence, inda 'yan ƙasa da shekara 12 ba sa zama. IndiGo na Indiya ya bi sahu a 2016. A Turai kuwa, Corendon ya buɗe nasa a Nuwamban 2023 a jirgin A350 mai tashi daga Amsterdam zuwa tsibirin Kurasawo da ke yankin Karibiyan: kujeru 93 na gama-gari da 9 masu ƙarin wurin miƙe ƙafa, ga masu shekara 16 zuwa sama, a kan ƙarin Yuro 45 ko Yuro 100 a kowace tafiya.

Wanda ya duba da kyau zai ga kusan duka waɗannan a ikonomi suke, kuma akasari na kamfanonin araha ne, masu sayar da komai daban-daban: jaka da kuɗinta, abinci da kuɗinsa, wurin miƙe ƙafa da kuɗinsa. Shiru ma sai ya shiga jerin hajar. Su kuwa manyan kamfanoni, iyalai masu hali suna cikin kwastomominsu na ƙwarai, kuma kujerun bizines ba su da yawan da za a kori mai saye. Japan Airlines ne ya bi wata hanya ta daban a 2019. Bai hana kowa zama ko'ina ba, sai dai ya sa ɗan hoton jariri a taswirar kujeru, a daidai inda fasinja mai ɗauke da yaro ɗan kwana 8 zuwa shekara 2 ya zaɓa. Shi kansa kamfanin ya ce alamar ba ta fitowa a kowane hali, misali idan an canza jirgi a ƙurarren lokaci.

Tunda bizines ba ta da irin wannan katanga, mai son nesa da yara sai ya koyi karanta taswirar kujeru, kuma a nan ne ilimin yake. Abu na farko shi ne layin farko na kowane sashe, wanda bango ne a gabansa ba kujera ba. A irin wannan wurin ake maƙala ɗan gadon jarirai, saboda haka kamfanoni suke ba iyaye masu goyo fifiko a layin. A taswira sau da yawa za a ga ƙaramar alamar gado a gefen lambar kujerar. Matafiya suna rububin wannan layi don yalwar wurin ƙafa, ba tare da sun san cewa shi ne mazaunin jarirai na asali ba.

Sai wani ya ce, to bari in koma can ƙarshen bizines. Nan ma an yi gudun gara an tadda zago. A jirage da yawa, bangon da ke bayan kujerar ƙarshe ta bizines, ɗaya fuskarsa ita ce gaban layin farko na ikonomi, kuma a jikinta gadajen jarirai suke rataye, wani lokaci biyu ko uku a jere. Idan ka kwantar da kujerarka ta zama gado, kanka yana komawa baya ne, ya nufi bangon nan. Tsakaninka da jinjirin da ke kuka a wancan ɓangaren bai fi taku ɗaya ko biyu ba, ba ka ganinsa amma kana jin har ajiyar zuciyarsa. Saboda haka tsakiyar sashen ta fi, layi biyu ko uku nesa da kowane bango. Ta kuma fi nisa da kicin da banɗaki, waɗanda hayaniyarsu cikin dare ba ta gaza ta yara ba.

A jiragen da aka jera kujerun bizines ɗaya a taga, biyu a tsakiya, ɗaya a ɗaya tagar, iyalai sun fi ɗaukar na tsakiya, don uwa ko uba ya iya miƙa hannu ga yaronsa. Qsuite, samfurin bizines na Qatar Airways wanda ya fito a 2017, har yana da kujeru huɗu na tsakiya da ake buɗe tsakaninsu su zama zaure guda na iyali. Kujerar taga ta mutum ɗaya ita ce ta mai son kaɗaici. Amma kada ƙofar da ake sa wa irin waɗannan kujeru ta ruɗi mutum. Ba ta kai rufin jirgi ba, ido take tarewa, sauti kuwa ta sama yake bi ya shigo. Haka ma ƙaramin sashen nan na bizines mai layi biyu ko uku da wasu jirage suke da shi: idan babu yaro a ciki ba ka da na biyu wajen natsuwa, idan akwai kuwa babu inda za ka matsa. A yawancin A380 na Emirates benen sama na fas kilas da bizines ne kaɗai, don haka ikonomi tana ƙasa gaba ɗaya, sai dai layukan baya na bizines suna daf da falon shan lemo inda manya suke hira har tsakar dare.

Lokaci ma yana da tasiri. Hutun makaranta da hanyoyin zuwa wuraren shaƙatawa sun fi cika da iyalai fiye da jirgin tsakiyar mako tsakanin biranen kasuwanci. Yana da kyau a sake duba taswirar idan an buɗe rajistar shiga ta intanet, domin kamfani na iya canza jirgi, lambar kujerar da take tsakiya jiya ta koma jikin bango yau.

Ni a ganina, son natsuwa ba mugunta ba ce. Akwai mai sauka ya wuce taro kai tsaye, akwai marar lafiya, akwai tsohon da barci ke yi wa wuya. Amma ya kamata a san abin da ke sa jinjirin kuka. Iskar cikin jirgi tana daidai da ta wurin da ke da tsayin mita 1,800 zuwa 2,400, kuma idan jirgi yana hawa ko sauka matsinta yana canzawa. Babba yana haɗiye miyau ko ya yi hamma kunnensa ya buɗe. Siririyar hanyar da ta haɗa kunne da maƙogwaro a jikin jariri gajera ce, tana saurin toshewa, kuma bai san dabarar buɗe ta ba, sai zafi ya kama shi. Shi ya sa ake ba iyaye shawarar shayar da shi lokacin sauka. Mafi yawan wannan kukan kunne yana zuwa ne a sa'ilin da kowa yake zaune a miƙe da bel a ɗaure. Uwar da ke jijjiga shi ta fi kowa a jirgin damuwa, harara ba ta ƙara mata komai sai ruɗewa.

Abin sa wa kunne mai kashe ƙara ya fi ƙwarewa wajen danne gurnanin inji mai ɗorewa, ba ya iya wa sautin da ke da tsini mai zuwa kwatsam irin kuka. Soson toshe kunne a ƙarƙashinsa ya fi aiki a nan. Idan kuma duk lissafin ya ƙi, bayan an rufe ƙofar jirgi ma'aikata sun san kujerun da babu kowa, kuma wanda ya je ya nemi canji a hankali, ba a gaban iyayen yaron ba, galibi sukan duba masa.