Waiwaye: Yadda aka bi sawun gubar gudawa har cikin kundin gadon ƙwayoyin cuta

A shekarar 1884, a birnin Kalkata na Indiya, likitan nan Bajamushe Robert Koch ya ware ƙwayar da ke kawo kwalara daga sauran ƙwayoyin hanji. Sai dai wani abu ya ɗaure masa kai. Ƙwayar ba ta shiga jini, tana zamanta a cikin hanji, amma mutum ya tsiyaye ruwan jikinsa ya mutu cikin yini guda. Koch ya yi zargin guba take fitarwa. Shekara 75 maganar ta yi a matsayin zargi, sai a 1959 Sambhu Nath De, a wannan birnin dai, ya ɗaure wani yanki na hanjin zomo ta baki biyu, ya ɗura masa ruwan da aka raini ƙwayoyin a ciki bayan an tace su tas. Hanjin ya cika da ruwa ya kumbura. Babu ƙwaya ko guda a ciki, amma ga aikin kwalara ƙarara.

Daga baya aka gano yadda gubar ke aiki. Tana manne wa bangon hanji, ta tilasta masa ya riƙa fitar da gishiri, ruwa kuwa duk inda gishiri ya nufa nan yake bi. Idan ciwon ya yi tsanani, babban mutum kan yi asarar kusan lita guda cikin awa ɗaya.

Da a ce kowace ƙwaya da gubarta, da magana ta ƙare a nan. Wadda ta rikita lissafin ita ce E. coli. Theodor Escherich ne ya fara bayaninta a 1885, a kashin jarirai ya same ta, kuma tana cikin hanjin kusan kowa, ba ta damun kowa. To amma wasu 'yan gidan nasu suna fitar da guba mai kama da ta kwalara sosai, su ne ke sa matafiya zawo, su ne kuma ke galabaitar da ƙananan yara. A 1982 wata ta ɓullo a jihohin Oregon da Michigan na Amurka ta cikin niƙaƙƙen naman shanun da bai dahu ba, wadda aka laƙaba wa O157:H7. Ita kashin jini take sawa, wani lokaci ta lalata ƙodar yaro. Da aka duba gubarta, sai aka ga ai irin ta ƙwayar atunin nan ce da Kiyoshi Shiga ya gano a Japan tun 1897. Me ya kai gubar wannan gida cikin wancan?

Amsar ta zo a 1984. Akwai ƙwayoyin bairos da ba mutum suke kamawa ba, bakteriya suke kamawa, wato ƙwayoyi irin su E. coli da ta kwalara. Wani daga cikinsu ne ke ɗauke da umarnin haɗa gubar, idan ya shiga E. coli sai ya dasa kansa cikin kayan gadonta ya yi zamansa. A 1996 Matthew Waldor da John Mekalanos suka nuna cewa ita ma kwalara haka abin yake, gubar da aka san ta da ita wani bairos ne ya kawo mata. Ashe gubar ta aro ce. Ana cewa zanen aro ba ya rufe katara, amma wannan aron idan ya shiga gida zama yake yi, har 'ya'ya da jikoki su gaje shi. Tun daga nan sanin sunan ƙwaya ya daina wadatarwa, dole a san abin da ta ɗauko a hanya.

Hanyar sanin hakan ita ce karanta kundin gadonta gaba ɗaya, abin da masana ke kira jinom. Dogon rubutu ne da haruffa huɗu kacal, A da C da G da T. A 1995 aka fara karanta na wata bakteriya daga farko har ƙarshe. A 1997 aka kammala na E. coli marar cutarwa da ake aiki da ita a ɗakunan bincike, haruffa miliyan 4.6. Na kwalara ya fito a 2000, na O157:H7 kuma a 2001, daga tawaga biyu, ɗaya a Amurka, ɗaya a Japan, inda ƙwayar ta kwantar da dubban 'yan makaranta a birnin Sakai a 1996. Kundinta ya kai haruffa miliyan 5.5, da ƙwayoyin gado fiye da 1,300 da 'yar uwarta ta ɗakin bincike ba ta da su, da yawansu bairos ne ya shigo da su. Suna ɗaya, amma abin da ke cikin buhun ya sha bamban.

A wancan lokacin karanta kundi ɗaya aikin shekaru ne da kuɗi mai yawa. Masu bin sawun annoba, irin su shirin PulseNet da Amurka ta kafa a 1996, yanka DNA, wato zaren da kundin ke rubuce a kansa, suke yi gunduwa-gunduwa su gwada tsawon gutsattsarin, kamar mai son gane mutum daga inuwarsa. Sai da injina masu sauri da araha suka zo kafin karatun ya shiga fagen annoba, kuma shekarun 2010 da 2011 ne suka nuna ƙarfinsa da iyakarsa.

A watan Oktoban 2010, wata tara bayan girgizar ƙasa, kwalara ta ɓarke a Haiti a gefen kogin Artibonite, ƙasar da ta yi fiye da ƙarni ba ta ga cutar ba. Mutane suka nuna yatsa ga sansanin sojojin kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya da suka zo daga Nepal. Wasu masana kuma suka ce a'a, ƙwayar dama tana cikin ruwan yankin, yanayi ne ya tashe ta. Karatun farko ya nuna danginta na Kudancin Asiya ne, ba ta da kusanci da wadda ta addabi Peru a 1991. A 2011 aka gwada ta da samfura 24 da aka ɗiba a Nepal a 2010, aka tarar tsakaninta da wasu daga cikinsu bambancin harafi ɗaya ne ko biyu, cikin haruffa wajen miliyan huɗu. Duk da haka sai a Disamban 2016 Ban Ki-moon, Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya na lokacin, ya nemi afuwar mutanen Haiti. Annobar ta kama fiye da mutum 800,000, ta kashe kusan 10,000.

Annobar Jamus kuwa a watan Mayun 2011 ta fara. Manya ne, galibi mata, ake ta kwasowa asibiti da kashin jini da ciwon ƙoda, abin da aka saba gani a yara. Hukumomin Hamburg suka yi gaggawar ɗora laifin kan kokwambar Sifaniya, manoman can suka tafka asara, daga baya ta tabbata ba ruwansu. Cibiyar BGI ta ƙasar Sin ta karanta kundin ƙwayar cikin kwana uku, ta sake shi a intanet ranar 2 ga Yuni, masana daga ƙasashe daban-daban suka yi masa rubdugu. Cikin 'yan kwanaki aka san ko wace ce. O104:H4 ce, daga dangin E. coli masu manne wa hanji kamar ƙaska, 'yar uwa ta kusa ga wata da aka taɓa samu a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, sai ga shi ta ɗauko bairos mai gubar Shiga, ta haɗa da jure wa magunguna da dama.

A nan nake ganin ana yawan zuzuta injin fiye da kima. Kundin ya faɗi asalin ƙwayar da makamanta, amma bai faɗi abincin da ta biyo ba. Wannan sai da ma'aikatan lafiya suka bi waɗanda suka ci abinci a wani gidan cin abinci ɗaya bayan ɗaya, suka tambayi masu girki abin da aka zuba a kowane faranti, sannan aka kama tsiron hulba daga wata gona a arewacin Jamus, wanda irinsa daga Masar aka shigo da shi. Kafin annobar ta lafa, kusan mutum 4,000 sun kamu, fiye da 50 sun rasu.

Inda karatun ya fi tasiri shi ne wajen tono salsala. An daɗe ana ɗaukar cewa kwalara a ruwan kowace ƙasa take kwana, damina ta tashe ta. Binciken da aka wallafa a 2011 ya nuna annobar da ta faro daga tsibirin Sulawesi na Indonesiya a 1961, wadda har yau ba ta ƙare ba, zuriya ɗaya ce da ke fitowa daga yankin Tekun Bengal zubi bayan zubi. A 2017 tawagar François-Xavier Weill ta Cibiyar Pasteur ta karanta samfura fiye da dubu, ta gano cewa tun 1970 an shigo da ƙwayar nahiyar Afirka daga Asiya aƙalla sau 11, kowane zubi ya yi zamaninsa ya mutu, wani ya maye gurbinsa, kuma na baya-bayan nan da juriyar maganinsu suke isowa. Ita ma ta Yaman, wadda aka yi zargin ta kama fiye da mutum miliyan ɗaya daga 2016, da aka bi salsalarta sai aka ga daga Kudancin Asiya ta taso, ta yada zango a Gabashin Afirka, sannan ta tsallaka teku.