Libarbar Kaka a Cikin Kayan Gado: Abin da Doka Ta Ce Kan Kwana 14 Ɗin Nan

Wani maƙwabcina ya same ni bayan sallar isha'i, yana magana ƙasa-ƙasa kamar mai neman bashi. Mahaifinsu ya rasu, an yi sadakar arba'in, sun buɗe akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadonsa. Cikin tsofaffin takardu da lambobin yabo sai ga ƙaramar bindiga a naɗe cikin tsumma. Libarba ce ta kakansu, wanda ya je yaƙin Bama (ƙasar Burma) a Yaƙin Duniya na Biyu. Tun ranar gidan ya rabu biyu. Yayansa ya ji a wani saƙon murya na WhatsApp cewa bindigar da ta girmi 'yancin kai doka ba ta hau kanta ba, kuma abin gado halal ne. Ƙanwarsu kuma ta ji cewa duk gidan da aka samu bindigar soja hukuncin kisa ne, a jefa ta rijiya tun dare bai yi nisa ba. "Malam, wa ke da gaskiya?" Na ce masa babu ko ɗaya.

Irin wannan akwati ba baƙon abu ba ne a Arewa. Dubban iyayenmu sun shiga runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, suka yaƙi Japan a dazukan Bama, har barikin Chindit na Zariya daga can ya samo sunansa. Wasu kuma sun yi yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970. Ba kowa ya dawo hannu rabbana ba.

Dokar da ke magana a nan ita ce Dokar Bindigogi ta 1959, wadda ke cikin kundin dokokin tarayya na 2004. Ta kasa bindigogi gida uku. Bindigar toka da danginta, masu ɗuri ta baki, suna hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Bindigogin farauta irin mai baki biyu, Sufeto Janar na 'yan sanda ke ba da lasisinsu. Sai rukunin da aka haramta, wanda sashe na 3 ya ce Shugaban Ƙasa ne kaɗai zai iya ba da izininsa, in ya ga dama.

To a nan mutane ke tuntuɓe. Suna ganin libarba 'yar ƙarama ce, ba ta kai bindigar farauta tsawo ba, don haka lamarinta zai fi sauƙi. Akasin haka ne. Fistol da libarba suna jeri ɗaya da mashinga da gurneti da roka. Jadawalin dokar har ƙananan bindigogin dā masu ƙanƙara ya ambata da suna ya saka su ciki. Dokar da ta haramta fistol ɗin zamanin ƙyastu ba za ta kau da kai daga ta 1944 don ta tsufa ba. Maganar "ai ta yi tsatsa, ba ta tashi" ita ma ba mafaka ba ce, domin ma'anar bindiga a dokar ta haɗa da kowane sashe na jikinta. Lauya na iya jayayya a kotu kan ko ƙarfen nan yana iya harbi, amma zai yi jayayyar ne kana tsare.

Yanzu ga sashen da ya fi rikita jama'a, wato sashe na 7. Ya ce idan mai lasisi ya rasu, wanda dukiyarsa ke hannunsa bisa ƙa'ida, ko wanda aka yi wa wasiyya da bindigar, zai iya riƙe ta har kwana 14 bayan rasuwar. A cikin kwanakin ma Sufeto Janar na da ikon karɓe ta ya ajiye a ma'ajiyar makamai ta gwamnati har sai an ba da sabon lasisi.

Masu yaɗa jita-jita sun ɗauki "kwana 14" sun yi masa fassara son ransu. Wasu na cewa kwana 14 ne daga ranar da ka gano bindigar. A'a, daga ranar rasuwa ake ƙirgawa. Wasu na cewa in ka kai rahoto cikin kwanakin, lasisin mamaci ya dawo sunanka. Wannan ma babu shi. Lasisi na mutum ne shi kaɗai, yana tafiya tare da shi. Magaji sai ya nemi nasa daga farko, kuma sashe na 6 ya faɗa ƙarara cewa lasisi ba haƙƙi ba ne da za ka tsaya ka ce dole a ba ka. Babban abin da ake tsallakewa kuma shi ne, sassaucin nan na bindigar da mamaci ke da lasisinta ne. Libarbar da tsohon soja ya sako cikin jakarsa ya dawo da ita gida ba ta taɓa ganin lasisi ba, don haka ko kwana ɗaya ba a ba magadansa ba.

Ban ce zan yi wa dokar hukunci ba, amma wanda ya rubuta kwana 14 ɗin nan bai taɓa zaman makoki a gidan Bahaushe ba. Kwana uku ana karɓar gaisuwa, a yi bakwai, a yi arba'in. Matar mamaci tana takaba wata huɗu da kwana goma. Ɗan da ya buɗe akwatin ubansa a mako na biyu, sai dangi su ce ƙosawa ya yi uban ya mutu. Kafin a kira malamin da zai raba gado, wa'adin ya wuce tuni.

Hujjar "gado halal ne" ma tana da rauni ta fuska biyu. A fiƙihu abin da mamaci ya mallaka ake rabawa, bindigar aiki kuwa ta hukumar soja ce, amana ce a hannun soja. Sannan Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya sanya makamai da harsasai cikin abubuwan da gwamnatin tarayya kaɗai ke yi wa doka. Alƙalin kotun shari'a zai raba gida da gona da shanu, amma ba zai iya ba ka izinin riƙe fistol ba. Gwamna ma haka. Da gwamnatin Zamfara ta ce wa jama'a su nemi bindigogi don kare kai a watan Yunin 2022, Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan hurumin.

Hukunci kuma ba kisa ba ne. Kisa na fashi da makami ne. Sai dai abin da ke akwai ba wasa ba ne: sashe na 27 ya tanadi ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba ga wanda aka samu da haramtacciyar bindiga babu izini. A lura da kalmar, shekara 10 ita ce mafi ƙaranci. Harsashi laifinsa daban ne, har shekara 5. Dokar fashi da makami ta 1984 ita ma ta tanadi tarar naira 20,000 ko ɗaurin aƙalla shekara 10, ko duka biyun, kan mallakar bindiga ba bisa ƙa'ida ba. Dubi tazarar. Dubu ashirin a 1984 dukiya ce, yau ba ta sayen buhun shinkafa, amma shekara 10 tana nan yadda take. Kuma sashe ɗaya ne ke jiran ɗan bindigar daji da jikan da ya tsinci libarba cikin tsumma. A Ingila, wadda yaƙinta kakannin nan suka je yi, ana lalata bindiga yadda ba za ta sake harbi ba, hukumar tantance bindigogi ta Landan ko Bamingam ta buga mata hatimi, iyali su rataye ta a bango ba tare da lasisin bindiga ba. Jikokin mazan jiya a nan sai dai su miƙa tasu.

Abin da na gaya wa maƙwabcina shi ne kada a jefa ta rijiya ko masai, domin yara da masu yashe rijiya na tsintar abubuwa. Kada a sayar, wannan wani laifin ne a kan na farko. Kada kuma ya saka ta a jaka ya hau babur zuwa caji ofis, don in aka tare shi a shingen bincike, babu mai sauraren labarin Bama. Kada kowa ya gwada ɗana ta, tsohon harsashi ba shi da amana. Ya samu lauya, su tafi da mai unguwa wurin DPO, su kai rahoto a rubuce, 'yan sanda su zo gida su ɗauka, a ba su takardar shaida mai ɗauke da lambar bindigar.

Kafin su zo, na ce ya ɗauki hotonta a inda take kwance. Lambar Tauraron Bama da littafin sallama daga soja da hoton kakan cikin kaki babu dokar da ta hana su, ya sa su cikin firam. Yayan nasa har yanzu bai haƙura ba, yana cewa a bari sai an tambayi wani ɗan'uwansu da ke aikin soja a Kaduna.