Me ya sa "take off" ke rikita ɗan Koriya mai koyon Turanci?

Ina matsalar take?

A harshen Koriya, kalmar cirewa tana bin abin da za a cire. Riga, takalmi, hula da tabarau duk "beotda" ake cewa, wato tuɓewa. Agogon hannu da bel ɗin wando kuwa "pulda", kwancewa. Zobe kuma "ppaeda", kusan abin da Bahaushe ke nufi da zarewa. Da ɗalibi ya shiga Turanci sai a ce masa duk waɗannan "take off" ne.

To ai sauƙi ya samu ke nan?

Da farko haka yake zato. Amma duba wannan: ya zare zobe daga yatsa, ya zare makulli daga kwaɗo. A wurinsa aiki ɗaya ya yi, "ppaeda", domin dukansu abu ne da ya shige daram aka janye shi. Bature kuwa zai ce zoben "take off", makullin "take out". Shi bai damu da matsewa ba. Abin da yake tambaya shi ne, a kan abu yake ko a cikinsa? Na kai "off", na ciki "out".

Wannan ba ƙaramin bambanci ba ne. Masu nazarin harshe Soonja Choi da Melissa Bowerman sun nuna a 1991 cewa yaran Koriya da yaran da suka tashi da Turanci suna kasa irin waɗannan ayyuka bisa tsarin harshensu tun kafin su cika shekara biyu. Abin da mutum ya sha da nono ba ya sauyawa da haddar dare ɗaya, shi ya sa ba na ganin laifin mai kuskure a nan.

Me zai hana ya riƙe "remove" ya huta?

Da yawa haka suke yi, don ƙamus ya haɗa ta da "jegeohada", kalmar Koriya mai nufin kawarwa, kuma "remove" tana shiga kusan ko'ina. Sai dai kalmar takarda ce, ta likita da allon sanarwa a filin jirgi. A Koriya ba a shiga ɗaki da takalmi. Idan mai gida ya tari abokinsa Ba'amurke a ƙofa ya ce "remove your shoes", nahawu bai karye ba, amma maganar ta yi kama da umarnin jami'in tsaro. "Take your shoes off" ita ce ta zumunci.

Akwai wani tarko kuma?

Akwai. Ana iya cewa "take off the hat" ko "take the hat off", amma da "it" ta shigo dole ta zauna a tsakiya: "take it off". Harshen Koriya kan ajiye fi'ili a ƙarshen jimla, saboda haka raba shi biyu a cusa wata kalma tsakani baƙon abu ne ga bakin ɗalibin.

Ta ina zai fara gyara?

Kada ya haddace kalmar ita kaɗai, ya haddace ta tare da kayanta: takalmi "off", makulli "out". Kafin ya buɗe baki ya kalli inda abin yake zaune, ya manta da ko ya matse ko bai matse ba.